Me ya sa bindigar 1947 ba ta tsufa ba, amma kwamfutar shekara 8 ta zama tsohon yayi?

Baban Walida:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambayar da na san za ta ja gardama a wannan zaure, ganin muna da masu gyaran kwamfuta, muna kuma da waɗanda suka yi aikin ɗamara. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya dakatar da kulawar da ya saba bai wa Windows 10, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018, ko da lafiyarsu ƙalau. A ɗaya ɓangaren, bindigar AK-47 da Mikhail Kalashnikov ya zana a 1947, wadda rundunar Tarayyar Sobiyat ta amince da ita a 1949, har yau ita ce rataye a kafaɗar soja da ɗan sanda da ɗan fashin daji, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an ƙera kusan miliyan 100 na danginta. Shin maƙeran bindiga sun fi maƙeran kwamfuta iya aiki ne, ko kuwa da gangan ake yi mana kayan da ba su da ƙarko domin mu riƙa komawa kasuwa?

Mai Gyara na Titin Beirut:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da hannuna yake taɓawa kullum. Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, da wuya ƙwarai ka ga ta mutu. Idan aka kawo mini laftof aka ce ta gaji, na kwance ta, abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: ƙurar hunturu ta dunƙule ta toshe mafitar iskar fanka, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari, batir ya kumbura har ya ɗaga maɓallan rubutu, ko kuma wutar janareto ta ƙona wurin caji. Duk waɗannan ana gyara su. Idan na share ƙurar, na sabunta man, na cire tsohon faifan ajiya mai juyawa na sa SSD, wato ma'ajiya marar juyawa mai sauri, sannan na ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya kai giga 8, kwamfutar 2015 takan ishi malamin makaranta da ma'aikacin ofis aiki ba tare da wata matsala ba.

Inda na yarda da zarginka shi ne sabon salon ƙira. A da, RAM da batir da ma'ajiya duk ana zare su da hannu ko da sukudireba. Yanzu kamfanoni da yawa suna narka RAM a jikin babban allon, su manne batir da gam, saboda a ce kwamfutar ta yi siriri. Idan ƙwaya ɗaya ta lalace, sai a sauya allon gaba ɗaya, kuɗinsa kuma ya kusa kuɗin wata kwamfutar 'yar kwatano. Wannan kam zaɓi ne aka yi, ba dole ce ta kimiyya ba.

Tsohon Soja:
Malam Baban Walida, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in rage wa wannan bindiga kwarjinin da ake ba ta, domin mutanen da ba su taɓa kwance ta ba suna ɗaukar ta kamar ba ta lalacewa. Tana lalacewa. Cikin bututunta yana cinyewa da yawan harbi har saitinta ya ɓaci, sifirin ɗinta yana saki, kuma mafi yawan cijewar da na gani daga gidan harsashi take, wato magazin, idan bakinsa ya lanƙwashe saboda an yar da shi a kan dutse ko an taka shi a bayan mota. Sojan da ya san aikinsa ba ya kwanciya sai ya bi ta da tsumma da mai. Abin da Kalashnikov ya yi shi ne ya bar sarari tsakanin sassan da ke motsi, ta yadda yashi da dattin albarushi ba sa hana su kai-komo, ya kuma rage yawan sassan har ƙurtun da ya yi 'yan makonni a horo ya iya warware ta ya mayar. Ladan wannan sassauci shi ne juriya, farashinsa kuma shi ne ba ta kai wasu bindigogin daidaiton saiti daga nesa ba.

Ku duba abin da ya sami Amurka da bindigar M16 a yaƙin Biyetnam. An sauya irin albarushin da aka zana bindigar da shi, ba a shafe ɗakin harsashin da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, sannan aka raba ta ga sojoji ba tare da isassun kayan sharewa ba. Bindigogi suka riƙa cijewa ana tsakiyar artabu, aka rasa rayuka, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967. Ashe su ma maƙeran bindiga suna tafka kuskure.

Amma ainihin amsar tambayarka a ganina ita ce aikin bindiga bai sauya ba. Tun da Faransa ta samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, abin da ake nema shi ne a jefa ɗan guntun ƙarfe da ƙarfi zuwa inda aka nufa, jikin ɗan Adam kuma bai ƙara tauri ba. Kamar fartanya ce: tun da ƙasar noma ba ta sauya ba, babu dalilin sauya siffarta. Shi ya sa babbar bindigar M2 ta John Browning take aiki a rundunar Amurka tun 1933, shi ya sa kuma aka ga bindigar Maxim, dangin wadda Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903, tana aiki a ramukan yaƙin Yukren.

Malama Injiniya:
Baba Soja ya faɗi rabin maganar da nake shirin yi, saura rabin da ya shafi kwamfuta. Kwatancen na Malam Baban Walida yana da gyara, domin ana gwada abin da ya gama girma da abin da yake kan girma. Furosesar farko da Intel ta fitar kasuwa, wato 4004 ta shekarar 1971, tana da tiransista, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki da ke yin lissafi, guda 2,300. Furosesar M1 da Apple ta fitar a 2020 tana da biliyan 16. Wannan shi ne abin da Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya hango tun 1965, cewa adadin zai riƙa ninkawa a kai a kai, daga baya ya daidaita hasashen a kan duk shekara 2. Idan masu rubuta manhaja suka ga ƙarfin ya ƙaru, sai su ɗora masa sabon kaya. Shafin intanet na yau yana ɗauke da bidiyo da tallace-tallace da 'yan ƙananan manhajoji masu bibiyar mai karatu, saboda haka kwamfutar da ta kasance mai sauri a 2012 take nishi a kansa, alhali ita ba ta rage komai daga ƙarfinta ba.

Idan kuwa aka tsayar wa kwamfuta da aiki ɗaya, tana iya yin ƙarkon da zai ba da mamaki. Kumbon Voyager 1 ya tashi a 1977, ma'ajiyar kwamfutocinsa duka ba ta kai kilobait 70 ba, kuma a 2024, da wata ƙwayar ajiya ta lalace a cikinsa, injiniyoyin NASA suka kwashe umarnin da ke wurin suka rarraba shi a wasu sassan ma'ajiyar, daga nisan da saƙo ke shafe fiye da awa 22 kafin ya isa. Haka kuma tsarin aika umarni na rundunar nukiliyar Amurka ya ci gaba da amfani da faifan fulofi mai faɗin inci 8 har zuwa 2019. Abin da ke kashe kwamfutar gida shi ne haɗa ta da intanet, domin a can akwai ɓarayin da kullum suke neman sabuwar ɓaraka, kuma ranar da kamfani ya daina toshe ɓarakar, ranar ce ta tsufa.

Baban Walida:
Na gamsu da batun aikin da ba ya sauyawa, Malama, amma ban wanke kamfanonin ba. Idan manhaja ce matsalar, wa ya hana su ci gaba da toshe ɓarakar?

Malama Injiniya:
Ba abin da ya hana su sai lissafin riba, kuma ban ce a wanke su ba. Suna da hujjar fasaha, domin Windows 11 tana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 wadda ke adana makullan sirri a wurin da ɓarawo ba ya kaiwa da sauƙi. Sai dai akwai kwamfutoci masu wannan ƙwaya da aka ƙi karɓa saboda shekarun furosesarsu kawai. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba yana iya ɗora Linux Mint ko Ubuntu kyauta a madadin Windows, ya ci gaba da samun gyaran tsaro. Ga mu da muke sayen abin da Turai da Amurka suka gama yayinsa, wannan ba ƙaramar mafita ba ce.

Ɗalibi daga Samaru:
Da izinin manya. Ina ganin ana magana kamar bindiga za ta dawwama a yadda take, ni kuwa ina ganin zamaninta na ƙarfe zalla ya zo ƙarshe. A 2022 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi sabuwar bindiga daga kamfanin SIG Sauer mai harsashin milimita 6.8, tare da madubin saiti na XM157 wanda yake auna nisa da hasken leza, ya lissafa faɗuwar harsashi, ya nuna wa soja inda zai ɗora. Wannan kwamfuta ce aka ɗora a kan bindiga. Nan gaba kuma za a yi bindigar da ba ta tashi sai ta gane yatsan mai ita, ta yadda ko an kai hari barikin soja ko ofishin 'yan sanda an kwashe makamai, ba za su amfani wanda ya kwasa ba. Idan aka tuna yadda rumbunan makaman Libiya suka watsu a yankin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ai wannan fasaha rahama ce.

Tsohon Soja:
Ɗana, tunaninka mai kyau ne, amma ka tambayi kanka abin da zai faru idan yatsan sojan yana jini, ko ya yi laka, ko yana sanye da safar hannu, ko kuma abokinsa ya faɗi yana buƙatar ɗaukar bindigarsa. Sannan batir. Duk abin da ke cin batir nauyi ne aka ƙara wa soja, kuma a dajin da motar abinci ma takan yi jinkiri, ba na son rayuwata ta rataya a kan caji. Madubin da ka ambata na yarda da shi, saboda idan ya mutu bindigar tana nan tana harbi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa kwamfuta tsakanin yatsa da kunama.

Malama Injiniya:
An riga an gwada abin da ƙanena yake fata, kuma sakamakon ya goyi bayan Baba Soja. Wani kamfanin Jamus mai suna Armatix ya ƙera ƙaramar bindiga, iP1, wadda ba ta harbi sai tana kusa da agogon da ke hannun mai ita. A 2017 wani mai binciken tsaron na'urori ya nuna cewa da maganaɗisun da bai wuce dala 15 ba ana iya buɗe ta ba tare da agogon ba, ana kuma iya toshe siginar har ta ƙi tashi a hannun mai ita. Kafin nan, a 2015, masu bincike biyu, Runa Sandvik da Michael Auger, sun kutsa cikin bindigar TrackingPoint mai kimanin dala 13,000, wadda ke aiki da Linux tana kuma da Wi-Fi. Ba su iya sa ta harbi da kanta ba, amma sun sauya lissafin madubinta har harsashi ya bar abin da maharbin ya saita ya sami wani na gefensa, shi kuwa da wuya ya gane an yi masa kutse.

Wannan shi ne abin da nake so zauren nan ya riƙe. Duk na'urar da aka cusa wa kwamfuta ta gaji cututtukan kwamfuta: tana buƙatar wuta, tana buƙatar sabunta manhaja, ana iya kutsa mata, kuma ranar da kamfanin ya rufe ko ya daina kula da ita ta fara mutuwa. Misali mafi muni da na sani shi ne na garin Zahran a Saudiyya, ranar 25 ga Fabrairun 1991. Na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta yi kusan awa 100 a kunne, wani ɗan kuskuren lissafi a agogonta ya taru har ya kai kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa, sai ta nemi makami mai linzami na Scud da aka harbo a inda ba ya nan. Makamin ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28.

Barista Ɗan Katsina:
Akwai kuma ɓangaren doka da siyasa a batun bindiga mai gane mai ita. Jihar New Jersey ta yi doka a 2002 cewa da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa a ko'ina cikin Amurka, bayan shekara 3 ita kaɗai za a riƙa sayarwa a jihar daga cikin ƙananan bindigogi. Maimakon dokar ta ƙarfafa fasahar, sai ta sa masu kare 'yancin mallakar bindiga suka yi caa a kan duk ɗan kasuwar da ya yi niyyar sayar da ita, har aka sassauta dokar a 2019.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kwamfuta a matsayin maƙera. A watan Mayun 2013 Cody Wilson ya saki zanen bindigar roba da ake fitarwa da firintar 3D, wato na'urar da ke gina abu da roba daga zanen kwamfuta, aka sauke shi kusan sau 100,000 cikin kwana 2 kafin gwamnatin Amurka ta sa a cire. Waccan ta farko ba ta da wani ƙarko, amma waɗanda suka biyo baya sun inganta har an gan su a hannun 'yan tawayen Myanmar bayan juyin mulkin 2021. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ce, an rubuta ta ne da tunanin bindiga abu ce da ake shigowa da ita ta kan iyaka ko a ƙera a maƙera, ba a yi tunanin ranar da za ta zo a matsayin fayil a waya ba.

Tsohon Soja:
Barista, wannan bai tayar mini da hankali kamar yadda ya tayar maka ba. Maƙeranmu sun daɗe suna ƙera adaka da harba-ka-ruga ba tare da kwamfuta ba, kuma a ƙasar da ake samun ta Rasha ko ta Sin a ɓoye, ba wanda zai ɓata lokaci a kan ta roba. Firinta matsalar ƙasashen da suka iya tsare iyakarsu ce.

Ɗalibi daga Samaru:
Na karɓi gyara a kan bindiga mai gane yatsa. Amma ina roƙon a duba cewa wataƙila tambayar ma ta sauya. Kwamfuta ba ta buƙatar shiga cikin bindiga idan za ta iya tsallake ta. A Yukren, ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi na dala ɗaruruwa yana lalata tankar yaƙi ta miliyoyi, kuma da ɓangarorin biyu suka ƙware wajen toshe siginar rediyo, sai aka koma jirage masu jan siririn zaren gilashi a bayansu na tsawon kilomitoci, ta cikinsa ake sarrafa su, wanda na'urar toshewa ba ta iya yi masa komai. A wannan fage abin da aka ƙera wata 6 da suka wuce ya zama tsoho. Ko a yankinmu, Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso duk sun sayi jirgi marar matuƙi na Bayraktar TB2 daga Turkiyya.

Mai Gyara na Titin Beirut:
To a nan ne maganar ta dawo fagenmu, domin duk waɗannan jirage ƙwayoyin silikon ne ke tafiyar da su, masu ƙera ƙwayoyin kuma 'yan kaɗan ne. Mafi ƙanƙanta kuma mafi ƙarfi, yawancinsu kamfanin TSMC na Taiwan ne yake yi, injin da ke zana su da hasken da tsawon zangonsa nanomita 13.5 ne kuma kamfani ɗaya ne a duniya yake ƙera shi, wato ASML na ƙasar Holan, kowane ɗaya ya haura dala miliyan 100. Shi ya sa a Oktoban 2022 Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwayoyi da injinan yin su. Masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna tun 1964 tana iya haɗa bindiga, amma ƙwayar da ke cikin wayar da nake rubutu da ita, babu ƙasar Afirka da ke ƙera irinta.

Malama Injiniya:
Yaya, gaskiya ne, sai dai ina da ɗan tsokaci. Yawancin makamai ba sa buƙatar sabuwar ƙwaya. Masu binciken da suka buɗe makamai masu linzami da jiragen Rasha da suka faɗo a Yukren sun tarar da ƙwayoyi na gama-gari daga kamfanonin Yamma, irin waɗanda ake samu a kayan masana'antu da na gida, waɗanda hana fasa-ƙwaurinsu yake da wuya saboda yawansu. Manyan ƙwayoyin da ake rigima a kansu na horar da ƙirƙirarriyar basira ne, kuma nan ne haɗarin da ke tafe yake, wato ranar da jirgin zai zaɓi wanda zai kai wa hari ba tare da ya jira mutum ba. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya na 2021 ya ambaci jirgi marar matuƙi na Kargu-2 ƙirar Turkiyya a cikin makaman da aka tsara su kai hari ba tare da haɗi da mai sarrafawa ba.

Tsohon Soja:
Ko da mutum a zaune a gaban allo ma ana samun abin da ake samu. Mu tuna Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Jirgin ya yi abin da aka umarce shi, ya sami daidai inda aka saita. Kamara ta ga taro, amma ba ta san taron me ake yi ba, sojan ƙasa kuwa da ya kusanci wurin da kunnensa zai ji yabon Annabi.

Barista Ɗan Katsina:
Amin, Baba. Kuma a wannan lamari an sami wanda za a tambaya, domin rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, shugabanta ya je garin ya yi ta'aziyya. Idan manhaja ce ta yanke hukunci da kanta, dokar yaƙi ba ta fayyace wanda za a gurfanar ba, ko kwamandan da ya harba jirgin, ko kamfanin da ya sayar, ko injiniyan da ya horar da manhajar a wata ƙasa da hotunan da babu rugar Fulani ko taron Mauludi a cikinsu. A Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu sarrafa kansu da ƙuri'a 152, Sakatare Janar António Guterres kuma ya nemi a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe kafin ƙarshen 2026. Ƙudurin bai haramta komai ba, ya dai buƙaci a tattara ra'ayoyin ƙasashe a rahoto. Ga ƙasar da take saye ba ta ƙerawa, abin da ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambaya kafin a sa hannu a kwangila shi ne wa ke riƙe da makullin manhajar, shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta, kuma ko jirgin yana ajiye bayanan da kwamitin bincike zai iya buɗewa idan an sake samun kuskure.